Neman kalmar Hausa: me za mu kira "dissemination" a aikin leƙen asiri?

'Yan'uwa masu fassara da malaman harshe, kalmar da nake so mu tsayar wa Hausa a yau ita ce dissemination, kamar yadda hukumomin leƙen asiri suke amfani da ita. A wurinsu, ita ce matakin da ke biyo bayan tattara bayanai da nazarinsu, wato fitar da rahoto daga hannun wanda ya rubuta shi zuwa ga jami'an da za su yi aiki da shi.

Yawancinmu "yaɗawa" muke cewa, wasu kuma "watsawa", ni kuwa ina ganin duka biyun ba su dace ba. Abin da aka yaɗa ko aka watsa ya fita daga hannun mai shi ke nan, kowa ma yana iya tsintarsa, shi ya sa muke cewa kafofin yaɗa labarai, muke kuma cewa yaɗa jita-jita. Idan muka rubuta cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta yaɗa rahoto, mai karatu zai ɗauka asiri ne ya tonu, alhali aikin yau da kullum ake nufi.

Wani malami ya kawo "rarrabawa", kuma ta fi kusa. Sai dai, Allah ya gafarta malam, rarrabawa tana nuna cewa kaya sun bar hannun mai rabo, ba ta nuna ko sun faɗa hannun da ya dace, kuma a nan ne matsalar waɗannan hukumomi take.

A watan Janairun 2000, CIA ta bi sawun Khalid al-Mihdhar da Nawaf al-Hazmi, 'yan ƙungiyar al-Ƙa'ida, zuwa wani taro a Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, ta san cewa al-Mihdhar yana da bizar Amurka, a watan Maris kuma ta sami labarin cewa al-Hazmi ya sauka a Los Angeles. Bayanan suna nan a rubuce cikin saƙonnin hukumar, a tsakanin ɗimbin takardun da ke shigowa kullum, amma ba a sa sunayen mutanen biyu a jerin waɗanda ake sa wa ido ba sai ƙarshen watan Agustan 2001, makonni kaɗan kafin su shiga cikin maharan 11 ga Satumba. An rarraba takarda, amma saƙo bai isa ba. Kwamitin da ya binciki harin ya ba da shawara a rahotonsa na 2004 cewa hukumomi su rage ƙunshe bayanai, su riƙa buɗe wa juna.

Da aka buɗe, sai aka faɗa ɗaya ramin. Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta zuba saƙonnin ofisoshin jakadancinta a SIPRNet, hanyar sadarwar sirri ta sojoji, inda jami'ai masu ɗimbin yawa suke iya karantawa. Daga nan ne Chelsea Manning, wadda a lokacin ƙaramar ma'aikaciyar nazarin bayanai ce a rundunar Amurka da ke Iraƙi, ta kwafe saƙonni sama da 250,000, shafin WikiLeaks mai fallasa takardun sirri ya fara wallafa su a 2010, ma'aikatar kuma ta janye rumbunta daga wannan hanya. A 2023 aka sake ganin irin haka, lokacin da Jack Teixeira, matashi ɗan shekara 21 mai kula da na'urorin sadarwa a wani sansanin sojan sama a jihar Massachusetts, ya riƙa ɗora takardun sirri kan yaƙin Yukiren a dandalin hira na intanet mai suna Discord. An tantance shi, yana da izinin shiga, amma aikinsa gyaran na'ura ne, babu abin da ya haɗa shi da karanta waɗannan rahotanni. An yanke masa ɗaurin shekara 15 a 2024.

Saboda haka kalmar da muke nema dole ta ɗauki abu biyu: takarda ta kai ga wanda ya kamata, ta kuma tsaya a kansa. Shawarata ita ce "isarwa ga masu hurumi". Isar da saƙo a Hausa ba ya cika sai saƙon ya shiga hannun mai shi, akwai kuma nauyin amana a kan ɗan aike. "Hurumi" kuwa mun saba jin ta a bakin lauyoyi, idan suka ce kotu ba ta da hurumin sauraron ƙara, kowane Bahaushe kuma ya san ma'anar "wannan ba huruminka ba ne". Tana ma ba mu damar bambanta abubuwa biyu da muke yawan cakuɗawa a fassara: izinin ganin sirri, wanda ake bayarwa bayan tantance mutum, da hurumin sani, wanda irin aikin mutum ne yake ba shi. Teixeira yana da na farko, ba shi da na biyu.

Na san za a ce ta yi tsawo a kanun labari. A ambaton farko a kawo ta cikakkiya, daga nan "isarwa" kaɗai ta wadatar, misali: "Sashen nazari ya kammala rahoton, amma an sami jinkiri wajen isarwa." "Yaɗawa" da "fallasa" kuma mu bar su ga abin da Manning da Teixeira suka yi.