Wanke manyan hotuna a ƙaramin ɗakin duhu: ina neman shawara

Mai Koyon Hoto:
Assalamu alaikum. Na saba wanke hotuna baƙi da fari masu girman inci 8 da 10, amma yanzu na sayi takarda mai inci 20 da 24, ga shi kuma teburina ba zai ɗauki manyan tire uku a jere ba. A gwajin farko takardar ta lanƙwashe a kusurwa sa'ad da na ɗaga ta da hantsaki, sannan wani gefen hoton ya fi wani duhu. Ina neman shawarar magabata.

Tsohon Mai Studiyo:
Wa alaikumus salam. Ɗana, tire ɗaya ya ishe ka, domin jiƙaƙƙiyar takarda mai wannan girma ba ta son yawan ɗagawa. Ka bar ta kwance, sinadaran su riƙa zuwa suna samun ta. Ka tanadi bokitai uku masu faɗin baki, ka zuba dibelofa, wato sinadarin da ke fito da hoto a jikin takarda, wajen lita 4 a karo ɗaya, ka yi ta jijjiga tiren a hankali, ka mayar da ita bokitinta, sannan ruwan tsayarwa, mai dakatar da aikin dibelofa, ya biyo na daƙiƙa 30, fiksa, mai tabbatar da hoton don kada haske ya ɓata shi, ta zo a ƙarshe. Duhun da ka gani a gefe ɗaya, sinadarin ne ya riga isa can kafin ya rufe sauran takardar. Kafin hoto na gaba ka ɗauraye tiren sosai, don ragowar fiksa kan bar tabo a hoto, ta kuma lalata dibelofa.

Malama Mai Kyamara:
Baba ya gama magana kan tire, sai dai ina ƙara batun zafi. Lokutan da kamfanin kayan wanke hoto na Ilford ke rubutawa a jikin kwalba na digiri 20 ne a ma'aunin Salsiyas, alhali a watan Afrilu ruwan tankinmu a Kano yakan haura 30, sai hoto ya fito da gaggawa kafin ruwan ya daidaita a kansa. Ni nakan jefa gorar ruwa mai ƙanƙara, a rufe, cikin bokitin dibelofa har ma'aunin zafi ya sauko. Ka kuma sa safar hannu ta roba, domin sinadarin metol da ke cikin dibelofa irin Dektol yana jawo ƙaiƙayin fata, kuma faffaɗan tire ya fi tayar da wari, saboda haka ɗakin yana buƙatar fanka mai fitar da iska.

Mai Koyon Hoto:
Na gode, Baba da Malama. To, tsohuwar fiksa fa, in zubar a kwata?

Tsohon Mai Studiyo:
A'a, tana ɗauke da azurfar da ta narke daga takarda. Ka tara ta a jarka mai murfi, ka rubuta sunanta a jiki, ka ajiye nesa da yara.