Shawarwari ga ɗaliban da ke son shirya taron nanoteknoloji da kansu

Wasu ɗaliban digiri na biyu da na uku sun tattauna kan yadda ɗalibai za su shirya taron bincike da kansu, kuma kusan baki ya zo ɗaya cewa a taƙaita jigo. Fannin nanoteknoloji, wato sarrafa abubuwa masu tsananin ƙanƙanta da ake aunawa da nanomita, yana da faɗi, daga tace ruwa zuwa batir zuwa isar da magani cikin jiki. An kawo misalin Gordon Research Seminar, inda ɗaliban digiri na uku da matasan masu bincike ke jan ragama, kuma ana yin sa ne gab da babban taron manyan masana a fanni guda.

Inda aka fi daɗewa shi ne tantance takardu, kuma a ganina nan ne ƙashin bayan taron. Idan ɗalibi ya ce ya samar da ƙananan ƙwayoyin azurfa ta amfani da ruwan ganyen darbejiya, kada a karɓi rikiɗewar launin ruwan zuwa ruwan ƙasa a matsayin hujja. A nemi sakamakon UV-Vis, wato gwajin da ke auna yadda abu ke shan haske, da hoto mai sandar ma'auni a gefensa daga TEM, na'urar da ke nuna abubuwa masu tsananin ƙanƙanta. Nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, ido ba ya ba da shaida a nan. Wanda bai samu na'urar ba, a ba shi wurin manna allon bincikensa, ya faɗi iyakar abin da ya gano.

Malamai a gayyace su, amma ɗalibai su fara yin tambaya. Kuɗin rajista kada ya yi nauyi. Kwamiti kuma ya bar wa na baya rubutaccen lissafi da sunayen waɗanda suka tallafa.