Tsibirin zafi ko hucin birni?

Jiya da dare ina shirya darasi kan yanayi na ci karo da abin da Turawa suke kira urban heat island, wato yadda cikin gari yake fin karkarar da ke kewaye da shi zafi, musamman da dare. Fassarar da na gani a wurare biyu ita ce tsibirin zafi. Ban gamsu ba, shi ya sa na buɗe wannan zaren.

Tsibiri ƙasa ce da ruwa ya zagaye, tana nan daram rani da damina. Wannan abu kuwa zuwa yake yi ya tafi. Ranar da iska ke kaɗawa ko gajimare ya rufe sama, bambancin gari da ƙauye kaɗan ne. Ranar da sama ta washe, iska ta tsaya cak, ƙauye yana hucewa tun farkon dare, amma kwalta da siminti da bulo suna riƙe da zafin da suka sha tun hantsi, suna sakinsa a hankali har asuba. Wani Bature mai suna Luke Howard ya auna haka a Landan tun farkon ƙarni na 19, ya ga dare a cikin birni ya fi na wajensa zafi da kusan digiri 2.

Abin da ke tsayar da iskar nan daga sama yake zuwa. Wani lokaci iska mai nauyi takan zauna kan yanki guda na kwanaki, tana sauka ƙasa, tana matsewa tana ƙara zafi, ta hana hadari haɗuwa. Haka ta faru a Faransa cikin watan Agusta na 2003. A Faris, babban birnin ƙasar, dare ya ƙi yin sanyi, tsofaffin da ke kwana a ɗakunan can sama ƙarƙashin rufin kwano suka fi shan wuya, kuma mutum kusan 15,000 suka rasu a ƙasar. A Cikago ta Amurka ma, a Yulin 1995, fiye da 700 suka mutu cikin 'yan kwanaki. Don wannan iskar na ba da shawarar murfin zafi, kamar yadda ake rufe tukunya.

Ga birnin kansa da farko na ce murhun birni, saboda duwatsun murhu kan daɗe da zafi bayan wuta ta mutu. Sai wata baiwar Allah daga Damagaram ta tare ni: "Malam, ka manta a wajenmu murhi muke cewa murfi? Murhu da murhi a jimla ɗaya, yaro zai rikice." Gaskiyarta. Na janye.

Wani dattijo ya kawo ɗumin birni. Ranka ya daɗe, kalmar tana da daɗi, amma daɗin ne matsalarta. Ɗumi abin nema ne da hunturu, ana zagaye wuta ana jin ɗumi. Abin da ya kashe tsofaffi a Faris ba ɗumi ba ne. Ga kuma ɗumamar yanayi da kunnen jama'a ya riga ya saba da ita a rediyo, za a ɗauka abu ɗaya ne.

Wani matashi ya ce gumin birni. Wannan ya fi kama da abin da jikin mutum ke yi, ba ginin ba.

Amsar ta zo mini ne daga tsakar gidanmu. A watan Afrilu, lokacin bazara, an ɗauke wuta, kowa ya fito da tabarma waje. Ƙarfe sha ɗaya na dare na jingina da bangon ɗaki na zabura, bulon kamar an gasa shi. Innarmu tana fifita da maficinta ta ce, "Matsa daga nan, bangon huci yake yi." Ɗan'uwana da ya iso daga ƙauye a kan babur a daren ya ce sai da ya shigo kan kwalta ya ji kamar an buɗe masa tanderu. Makonni bayan haka hadarin farko ya taso da iskarsa, aka kwana cikin ɗaki.

Huci zafi ne da abu yake fitarwa bayan ya sha wuta, hucin tukunya, hucin garwashi. Kuma ga 'yar'uwarsa a kusa, huce: ƙauye ya huce, birni bai huce ba. Ɗalibi zai iya rubuta "murfin zafi ya zauna kwana biyar, hucin birni ya ƙaru" ba tare da ya buɗe ƙamus ba.

Wani ya ce huci na maciji ne da mai fushi. Haka ne, amma ba wanda zai ji hucin wuta ya nemi sanda. Na sa hucin birni a darasin gobe. Mutanen Sakkwato da Maraɗi, in da wata kalma da kuke kiran wannan zafin bango da ita, ku ajiye ta a ƙasa kafin in buga takardun.