Gibin gaba: in yarda a sassaƙe mini lafiyayyun haƙora biyu saboda guda ɗaya?

Mushen Ader:

Salamu alaikum jama'a. Ni malamin lakkol ne a nan Tahoua, ajin CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, nake riƙe da shi. Wata huɗu ke nan ina dawowa daga kasuwa da yamma, akuya ta gitta mini, na taka birki cikin rairayi, moto ya zame, bakina ya daki kan moton. Haƙorin gaba na sama ya fita har saiwa. Muka neme shi da fitilar salula, muka same shi, wani dattijo ya ce in jefa shi kan rufin ɗaki. Na jefa.

Ciwon ya warke, amma aikin ya ɓaci. In ina ba yara dikte, da na zo kan "f" ko "s" sai iska ta bi ta gibin kamar usur. Na baya su sunne kai suna dariya, na gaba su rubuta abin da ban faɗa ba. Uwargida kuma ta daina sayo mini rake, wai tausayi.

Da hutu na je Yamai na ga likitan haƙori. Ya ce abin da ya fi sauri shi ne birij, wato gada: a sassaƙe haƙoran da ke dama da hagu na gibin, a kifa musu hula, na roƙon ya rataya a tsakani. Kuɗin kuma na haƙori uku ne, ya kusa albashina na wata biyu. Ba kuɗin ne ya hana ni barci ba. Waɗannan biyun ba su taɓa yi mini ciwo ba ko sau ɗaya. Don Allah wanda aka yi wa, ya ba ni labari. Ana cin tsire da shi? Shekara nawa yake yi?

Hajiya ta Wadata:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya kiyaye gaba. Tawa gadar shekara 11 ke nan, a turamen ƙasa na hagu. Ina cin kilishi, ina cin goro, ba ta taɓa motsi ba. Amma ni nawa na gefen dama can sun rube, duk ciko ne a cikinsu, hular ma rufin asiri ta yi musu. Ban yi asarar komai ba.

Abin da ba a gaya mini da wuri ba shi ne wanki. Ƙarƙashin haƙorin tsakiyar nan akwai ɗan fili, zaren nama da ɓawon wake su shige su kwana. Asuwaki ba ya kai wa can. Wata uku ina jin wari ina zargin cikina, har na sha jiƙo. Sai da aka nuna mini wani ɗan buroshi siriri kamar tsinken tsire, a faramasi ake sayar da shi, ana zura shi ta ƙasa. Kullum bayan isha'i sai na yi. Jikokina sun ce kaka na yasar rijiya.

Mai Albasa:

Mushe, me ya kai ka Yamai? A kasuwa akwai masu sa haƙori, kana zaune a kan benci za a liƙa maka, kafin la'asar ka tashi. Ni dai na Makka nake so in Allah ya kira ni.

Maƙerin Haƙora, Yamai:

Mai Albasa, don girman Allah kada ka tura shi can. Irin wannan liƙin da ake cusa roba a tsakanin haƙora ta daskare, ba ya cirewa, ba ya wankuwa. Dasashi ya kumbura, ya yi ta jini, daga baya na gefen su fara girgiɗi. Ga kayan aikin da ba a dafa ba, daga bakin wannan zuwa na wancan, ciwon hanta na bin jini.

Malam, ni ba likita ba ne. Ni ne wanda likita ke aiko wa da awon baki, in zuba a filasta, in ƙera haƙorin. Tsoronka yana kan hanya. Farin ɓawon nan na saman haƙori in an sassaƙe shi ba ya tsirowa, har abada haƙorin sai da hula. Wani lokaci sassaƙar na kusantar jijiya, haƙorin ya riƙa tsami da ruwan sanyi, wani ma sai an kashe jijiyar. Gada kan yi shekara 10 zuwa 15, mai tsabta ya wuce haka. Kuma yawanci ba ita ke mutuwa ba, ginshiƙan ne ke ruɓewa ta bakin hular, inda ta haɗu da dasashi. Ku mutanen shayi mai sukari, zagaye uku safe da yamma, nan ne take kama ku.

Sai dai gada ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta liƙi, likitoci na ce mata Marilan. Haƙorin roƙon yana da ɗan fiffike na ƙarfe ko na zirkon, wani farin tangaran mai ƙarfi, a manna shi a bayan maƙwabcinsa ta ciki, inda ba a gani. Kankarewa kaɗan ce, wani lokaci ma fiffike ɗaya ya isa. An fi yin ta a haƙoran gaba irin naka. Aibinta tana iya ɓallewa, sai a mayar. Kuma in haƙoranka na ƙasa suna dukan bayan na sama sosai, ko kana cizon haƙora cikin barci, ba za ta zauna ba. Wannan sai likita ya duba cizonka.

Akwai dashe: a kafa ƙusar titaniyom a ƙashin muƙamuƙi, a jira wata 3 zuwa 6 ta kama, sannan a ɗaura haƙori. Ba a taɓa na gefe ko kaɗan. Wani likita ɗan Suwidin, Brånemark, shi ya fara yi wa mutum a 1965, ba sabon abu ba ne. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, yana son ƙashi isasshe, kuma mai shan taba ko mai ciwon sukarin da bai daidaita ba yakan sha wuya da shi. Lissafa har da kuɗin mota, Tahoua zuwa Yamai ya haura kilomita 500, kuma ba zuwa ɗaya ba ne.

Na cirewa kuma, na roba mai ɗan maƙali, shi ne mai araha. Mutane na raina shi, amma yana tsare gurbin. Gibi in an bar shi, na gefe su karkato ciki, ƙashin wurin kuma ya yi ta shanyewa.

Abu ɗaya nake so ka yi kafin komai. Bugun da ya fitar da haƙori da saiwarsa da wuya ya bar maƙwabtansa lafiya lau. Tsaya a hasken rana da madubi, ka gwada launinsu da sauran. An ɗauki hoton radiyo kuwa, wato hoton ƙashi mai nuna saiwar haƙori?

Wanda ka jefa kan rufi ya ba ni takaici. Da an riƙe shi ta kai, ba ta saiwa ba, an tsoma a madara an kai wa likita cikin awa ɗaya, akan mayar da shi ya kama. Gaya wa yaranka, su ne ke faɗuwa kullum a filin ƙwallo.

Mushen Ader:

Na gode Hajiya, na gode Malam. Radiyo ba a ɗauka ba, ya rubuta mini takarda, ni ne na yi sauri don kada mota ta tashi ta bar ni. Yanzu na fito tsakar gida da madubin uwargida. Na dama fari tas. Na hagu kuwa ya ɗan yi toka-toka, ban taɓa lura ba, kuma da na kurɓi ruwan randa ban ji sanyi a kansa ba kamar ɗan'uwansa.

Maƙerin Haƙora, Yamai:

To ka gani. Mai yiwuwa jijiyarsa ta mutu, hoto da gwajin likita ne za su tabbatar. In haka ne sai an wanke cikinsa an cike tukuna, kuma lissafin gadar duk zai sake. Kada ka jira hutun ƙarshen shekara, irin wannan yana tara mugunya a gindi ba tare da ciwo ba. Nemi inda za a ɗauki hoton nan Tahoua cikin satin nan, ka tafi da takardar da ya ba ka.

Hajiya ta Wadata:

Kafin nan ɗana, ka ba wani yaro mai cikakken baki ya riƙa karanta dikten, kai ka zagaya da jan biro.