Dan Allah wa ya san kan parabol? Tashoshina sun gudu

Mai tambaya: Salamu alaikum jama'a, ku taimaka mini kaina ya ɗaure. Parabol gare ni na Nilesat, tun muna Birni na saye shi lokacin sunan ɗiyata ta biyu, dekodar kuma ƙanena ya kawo mini daga Kano, shekara 4 bai taɓa ba ni ciwon kai ba, to da mai gidan ya ce zai yi wa ɗansa aure a ɗakin sai muka taso Garin Malam, a amalanke ma aka kwaso kayan. Ɗan yayata ya kafa mini kuma lafiya lau har daren da aka yi hadarin nan mai iska. Tun daga nan hoto sai ya ƙame ya farfashe, murya ta sarƙe, wasu tashoshin kuma baƙi ƙirin. Ga Inna ta zo daga Mirya jinyar ƙafa, ba ta kallon komai sai tashar Makka, kullum bayan la'asar sai ta ce "yau ma Ka'abar ba ta zo ba?" wlh kunya nake ji. In sayi sabuwar dekoda ne?

Mai gyaran Zango: Kar ka sayi komai malam. Ka shiga wurin sinyal akwai layi 2, na ƙarfi da na kalite, nawa kowanne ya nuna?

Mai tambaya: Na sama 82, na ƙasa yana yawo tsakanin 15 da 30.

Mai gyaran Zango: To ka gani, dekodarka ƙalau take. Na sama yana nuna tet, wato ɗan kan nan da ke gaban farantin yana karɓar sinyal, na samun wuta ne kawai, na ƙasa shi ne hoto. Iska ta ture farantin, kuma ko kaucewar ba ta kai faɗin yatsa ba, tana iya ɓatar da tauraron. Da me aka kafe shi?

Uwar 'yan biyu: Ku da kuke da abin kallo ma. Mu tele ɗaya ce, in ana ƙwallo Baban yara telekoman a aljihu yake sa ta, jiya har masallaci ya tafi da ita.

Ɗan Sabon Gari: Ni dai nawa haka ya yi, na kira masu gyara har 3 kowa ya ci jikka biyu-biyu ya tafi, daga ƙarshe dekodar ce. Yawan ɗauke kuran da maido shi ke kashe su. Canza ta ka huta.

Mai gyaran Zango: Naka daban nashi daban. Dekoda tana tura wa tet bolt 13 ko 18, kowanne da tashoshinsa, in ɗaya ya mutu rabin tashoshi ke ɓacewa ɗungurum, ba ƙamewa ba. Shekara nawa ina kan rufin mutane. Malam ban ji amsar tambayata ba.

Mai tambaya: Bulo 4 aka danne ƙafar da su, mai gida ya hana a fasa masa bango. Amma bai motsa ba, na leƙa daga ƙasa yana nan yadda yake. Fil ɗin, wato wayar da ke zuwa dekoda, shi ne bai kai ba aka yi ƙari aka ɗaure da leda.

Mai gyaran Zango: Leda!! Da damina? Ruwa ya shiga ya ci jan ƙarfen ke nan. Fil sabo guda ba ƙari, fish na bakin fil ɗin sabo, a sake saita farantin a kafe shi da siminti.

Mai tambaya: Haba maigida, yaron nan ya iya aiki fa, shi ya kafa na maƙwabta kuma nasu na yi. Ledar ma ninki 3 ya yi mata.

Malamin lakkal: Ka sa ƙaramin antan na TNT, mai kama tashoshin gida ba parabol, mana ka kama Tele Sahel, ba ruwanka da wahalar saiti.

Mai tambaya: Malam Makka Inna ke so ba labarai ba.

Uwar 'yan biyu: Ka kunna mata a salula kawai, Allah ya ba ta lafiya.

Mai tambaya: Amin hajiya, idonta ba ya ganin ƙaramin abu. Ni dai zuciyata ta fi kwanciya da maganar dekodar, dan a amalanken ta faɗi sau ɗaya. Nawa ake sayar da ita yanzu a kasuwar Dole?

Mai gyaran Zango: Sai yanzu za ka ce ta faɗi? To je ka saya, lambata na nan.