Shawarwari ga Mai Koyon Rakiyar Kiɗa da Banjo

Gogaggun makaɗan bulugiras, wani salon kiɗan kayan tsirkiya na Amurka, da suka tattauna yadda sabon shiga zai fara zama cikin taron kiɗan haɗin gwiwa sun fi nanata cewa aikin banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya, a mafi yawan lokaci rakiya ne. Banjo mai tsirkiya biyar yana da kaifin sauti, saboda haka da zarar mawaƙi ya fara rerawa, wajibi ne makaɗi ya sassauta hannu, ya matsar da yatsunsa daga kusa da jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa kansa, zuwa wajen wuyan banjon, inda sautin ya fi taushi.

Sun ce a fara ƙwarewa a haɗin sautuka uku, wato G da C da D, domin waƙoƙi da yawa a kansu suke tafiya. Daga nan sai a koyi gajeren bugun da ake yi a tsakanin bugun bas, wato babban abin kiɗan tsirkiya mai kaurin sauti, ana saki tsirkiyoyin nan take don sautin ya yanke. A ganina wannan ce shawarar da ta fi amfani, domin wannan bugun ne ke riƙe wa kowa lokaci sa'ad da mai mandolin, wani ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya, ya karɓi nasa zagayen na jagorantar kiɗan.

Wanda bai san waƙar ba ya lura da hannun hagu na mai jita, ya bi canjinsa. An ɗan sami saɓani kan lokacin da ya dace a shiga taro, amma mafi rinjaye sun ce kada a jira ƙwarewa, a nemi zaman masu koyo inda ake kaɗawa a hankali, kuma idan zagaye ya zo kan mutum bai shirya ba, girgiza kai ya wadatar don a tsallake shi.