Batirin babur ɗina yana mutuwa duk lokacin da na tafi ci-rani

Ɗan Jega ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar wutar babur.

Sana'ata kai albasa kudu. Da zarar hunturu ya kankama a watan Disamba, albasar Aliero ta fara fitowa, sai in bi mota zuwa Ibadan, ba na dawowa gida sosai sai wajen Afrilu. Babur ɗina nakan tura shi cikin zaure in lulluɓe shi da tamfol, makullin kuma in bar wa uwargida. Bara da na dawo na sa makulli na murɗa, ko fitilar nan koriya ba ta kawo ba, hon ma shiru. Da kik na samu ya tashi, bayan na haɗa gumi. Na kai batirin wajen mai caji ya kwana, aka maido, kwana biyu ya sake kwantawa. Dole na sayi sabo, alhali wancan bai cika wata takwas a jikin babur ɗin ba. Abin ya yi mini ciwo, don kuɗi ne na zuba.

Akwai ɗan yayata da ke karatu a Kanada, shi ya ce mini can idan ƙanƙara ta sauka mutane kan ajiye baburansu har wata huɗu ko biyar, su jona batirin da wata ƙaramar caja mai ɗura wuta kaɗan-kaɗan, a bar ta a jone har lokacin sanyi ya wuce. To ni ma sanyin hunturu ne ke kashe mini batir? In na samu irin wannan caja, ba matsala in bar ta wata huɗu ba kowa a kanta? A jikin batirin an rubuta 12V 7Ah. Saura sati biyu in tafi.

Baba Rewaya, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ba sanyi ne ya kashe maka batir ba, zama ne. Na daɗe ina wannan aiki, kuma duk shekara bayan hunturu sai an kawo mini irin naka.

Batir ko ba a taɓa shi ba wutarsa tana tsiyayewa a hankali. In kuma akwai ƙararrawar ɓarawo ko wata na'urar bibiya a jikin babur ɗin, ita ma tana sha dare da rana. Idan wutar ta yi ƙasa aka bar shi a haka makonni, wani farin gishiri yakan kama farantan dalmar da ke ciki ya daskare a kansu. Da wuri caji na iya narkar da shi, amma in ya daɗe ya yi tauri, shi ke nan, batirin ba zai ƙara riƙe wuta kamar da ba. Shi ya sa naka ya karɓi caji ya yi kwana biyu ya zube.

Cajar da ɗanka ya faɗa gaskiya ce, sai dai iri biyu ce, ka kula da kyau wajen saye. Akwai wadda ba ta san ƙoshi ba, ita dai ɗurawa take yi ko batirin ya cika. Wannan in ka bar ta wata huɗu za ta tafasa ruwan batirin ya ƙone, ka dawo ka tarar da farantai a bushe, wani lokaci har jikin ya kumbura. Akwai kuma mai hankali, wadda in batir ya cika take rage wutar da kanta ta tsaya wajen bolt 13 da ɗoriya, sai ta ji ya sauka ta ƙara masa. Ita ce ake bari a jone.

Sannan ƙarfinta. Ƙa'idar da muke bi, kashi ɗaya cikin goma na lambar Ah ɗin, wato lambar da ke nuna yawan wutar da batir ke iya riƙewa. Naka 7Ah ne, don haka caja mai 0.7A zuwa 1A ta ishe ka. Kada ka yarda a ɗora shi kan babbar cajar batirin mota, wadda ake cewa za ta cika maka shi cikin rabin awa. Zai yi zafi, kuma rage masa kwana ake yi.

Malamin Kimiyya, Argungu:

Baba ya gama magana, ni dai zan ɗan ƙara bayani kan batun sanyi, don kada a haɗa namu da na Kanada. A can sanyin yana sauka ƙasa da sifiri sosai. Batirin da wutarsa ta ƙare, ruwan cikinsa ya kusa komawa ruwa zalla, saboda haka yana iya daskarewa ya fasa jikin. Mai cikakken caji ba ya daskarewa da sauƙi. Wannan na cikin dalilan da suke jona caja. Mu hunturunmu bai kai ko kusa da nan ba. Abin da yake yi mana shi ne da asuba baƙin mai ya yi kauri, batir kuma ƙarfinsa ya ɗan ragu, sai wanda dama ya raunana ya kasa juya inji. Hunturu tona asirin batir yake yi kawai.

Hasali ma zafi ya fi cin batirin da ke ajiye. Wutarsa ta fi saurin tsiyayewa idan wurin da zafi. Ka ce kana dawowa a Afrilu, ke nan babur ɗinka ya sha zafin Maris gaba ɗaya ƙarƙashin tamfol, in kuma zauren rufin kwano ne abin ya haɗu. Ina kyautata zaton a nan ne ya ƙarasa.

Ka nemi ƙaramar mita ta auna wuta, ba ta da tsada. Batirin da ya huta na wasu awanni, in ya nuna 12.6 ko sama da haka a cike yake. In ya sauko 12.4 yana son caji. Ƙasa da 12 kuwa ya yi nisa.

Mai Sola, Yauri:

Ni abin da ke damuna da shawarar caja, ina wutar da za a jona ta? A unguwarmu sai a yi kwanaki ba a kawo ba, in an kawo kuma wani lokaci ta zo da ƙarfin da ke ƙona kaya. Wasu ƙananan cajoji masu arha, in wuta ta ɗauke suna jone, su ne ke komawa suna zuƙar batirin.

Abin da na yi wa babur ɗin mahaifina, da ya yi jinya wata uku bai hau ba: na ɗaura ƙaramin faifan sola mai wat 10 a kan rufin ɗaki, na sauko da waya ta taga, na bi da ita ta ƙaramar kwantirola, wato na'urar da ke daidaita ƙarfin wuta, kafin ta shiga batir. Kada a tsallake kwantirolar nan, don faifan da aka rubuta wa 12V yana iya fitar da bolt 18 ko fiye da tsakar rana. Ƙurar hunturu kan rufe faifan, sai na sa ƙanena yana goge shi da tsumma duk ranar Juma'a. Ranar da mahaifin nawa ya warke ya danna maɓalli sau ɗaya ya tashi.

Ɗan Jega:

Allah ya saka muku da alheri. Zauren kuwa rufin kwano ne, Malam, kuma akwai ƙararrawa a jiki, ban taɓa kawo ta a raina ba. Baba, bara na sa yarona yana tayar da babur ɗin duk sati kamar minti biyar kafin ya koma makaranta a Janairu. Wannan bai taimaka ba ke nan?

Baba Rewaya, Birnin Kebbi:

Bai taimaka ba Alhaji, in da sitata yake tayarwa ma ragewa ya yi. Wutar da sitata ke ja a tashi ɗaya, inji yana tsaye yana ɗan gurnani minti biyar ba zai mayar da ita ba. Sai an hau an yi tafiya mai ɗan nisa.

In ba ka samu caja mai hankali ba kafin tafiyarka, ga hanya mai sauƙi. Ka ba shi cikakken caji. Ka kwance waya, ka fara da baƙar ta ɓangaren ragi, sannan ja. Ka ciro batirin ka goge ƙurar samansa, ka ɗan shafa giris a kawunan, ka ajiye shi a ɗakin ƙasa mai sanyi inda iska ke shiga, nesa da murhu da hannun yara, domin in ana caji yana fitar da iska mai kama wuta. Duk wata a kai shi a yi masa caji a hankali. In mai murafai ne a duba ruwan, wanda ya sauka a cika da tataccen ruwan batir har layin sama. Ba a ƙara asid, ba a zuba ruwan rijiya ko na leda. In kuma wanda aka rufe ne ruf, kada a ɓalle shi.

Kada ka manta da mai. Ka rufe makunnin fetur ka bar injin ya shanye na cikin kafireto har ya mutu da kansa, in ba haka ba ka dawo batir lafiya lau amma kafireto ta toshe.

Ɗan Jega:

Na gode Baba. Gobe in Allah ya kai mu zan shigo Birnin Kebbi sayen buhuna, zan ciro batirin in zo da shi a auna, in duba cajar 1A ɗin a kasuwa. Mai Sola, kwantirolar da ka sa wa mahaifinka mai ƙarfin nawa ce, kuma a Yauri ka same ta?